Tambayar Mutan Gida

Asabar, 4 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na dawo gida da takalmi ƙafa ɗaya. Ɗayar tana filin wasan jami'a, ko a ƙarƙashin benci ko a ƙafar wanda ya fi ni bukata. Tsohuwa, matata, ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "To, ɗalibi, yau kuma wane darasi aka yi da ƙafa?" Sai ta ga jini a hannun rigata, dariyar ta tsaya mata. Na ce ba nawa ba ne. Ta ce na wa ne. Na ce ta ba ni ruwa.

Bari in rubuta yadda aka yi tun ban fara yi wa labarin kwalliya ba, don na san halina. Shekarata sittin da takwas. Goma sha huɗu na yi ina buga baya a ƙwallon ƙafa, ashirin ina koci a ƙananan kulob, sauran kuma ina cika wa mutane kunne. Bara ɗana, wanda shi ne kocin ƙungiyar jami'a yanzu, ya kawo mini fom ya ce, "Baba, surutun nan naka, je ka karɓo masa takardar shaida." Haka na shiga kwas ɗin ɗa'a da ilimi da sadarwa a wasanni. Ina zama a layin gaba saboda kunne, cikin yaran da ke kirana Kaka.

Malamarmu ta ba mu jinga: kowa ya je wasa uku, ya ɗauki maganar da ke fita daga benci zuwa fili, ya rubuta ta kalma-kalma, ya fassara. Sashe ya ara mini rikoda, ɗana ya ba ni gefen bencinsa. Yau ne wasa na uku, mu da kwalejin ƙetaren gada.

An wuce minti saba'in. Ɗan gabansu mai lamba tara ya riga ya zura mana biyu, yana neman ta uku. Ɗan bayanmu mai lamba biyar ya taho masa daga gefe, ƙafa biyu a sama, ƙusoshin takalmi a gaba. Na ji ƙarar. Shekara hamsin ina jin ƙarar ƙashi a fili. Na san wadda ake tashi bayanta, na san wadda ba a tashi.

'Yan kallonsu suka karya wayar shinge suka zubo kamar an ɓalle madatsa, namu suka tare su. Duwatsu, ƙafafun kujeru, sandar tutar kwana. Wani ya fasa wa alƙalin wasa kwalba a ka, ya faɗo a jikina usur na bakinsa, jininsa ne a rigata. Na ga wani yaro mai tabarau, irin masu tashi su ba ni kujera a laburare, yana tattaka cikin wani, yana tattakawa yana kuka. Motar asibiti ta kasa shigowa, a kan ƙyauren ɗakin sa kaya aka fitar da Tara. Ni dai na rungume rikodar sashe kamar jinjiri, don na sa hannu a kanta.

Ɗana lafiyarsa ƙalau. Ya kira uwarsa.

Lahadi, 5 ga wata, ƙarfe goma na safe

Rikodar tana cikin durowa, ƙarƙashin safa. Ban kunna ba.

Litinin, 6 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

'Yan sanda a bakin ƙofar jami'a, gilasai a ƙasa har gaban ɗakin lacca. Mu tara muka zo aji. Malama, wadda ko ɗana ya girme ta, ta shigo ba ta buɗe littafi ba. Ta ce jami'a ta kafa kwamitin bincike. Ta ce Biyar ya gaya wa masu tsaro cewa koci ne ya sa shi, koci kuma ya ce ƙarya ne. Yaran suka juyo suna kallon ƙeyata, ina jin idanunsu kamar ƙudaje.

Bayan an tashi ta tsayar da ni. "Baba, kana benci, ko?"

"Ina benci, Malama."

"Rikodar na kunne?"

"Tana kunne."

"To abin da ke hannunka ya wuce jinga. Ka saurara tukuna, in ka shirya ka kawo mini."

Mutuniyar kirki ce. Da ta ce kawo yanzu, da ta rage mini wahala.

Talata, 7 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Tsohuwa ta tafi kasuwa. Na rufe ƙofa na kunna.

Iska, ganga, ihun 'yan kallo, tarina. Sai muryar ɗana, tas, kamar a cikin ɗakin yake:

"Biyar! Kai Biyar! Wane irin rashin tarbiyya ne wannan? Baƙo ya zo tun ɗazu, ba ka tambaye shi mutan gida ba!"

Daƙiƙa arba'in. Sai ƙarar.

A filin ma na ji ta, ba yau na fara ji ba. Na dai ce wa kaina kunnen tsoho ne.

A zamaninmu akwai wani alƙalin wasa mai kunnen zomo, da ya ji ka ce wa ɗan'uwanka "karya shi" sai ya kore ka. Sai wani ɗan baya mai wayo ya sauya wa abin riga. In aka ce "gaishe shi", kafaɗa ce, don ya san kana nan. In aka ce "tambayi gajiyarsa", idon sawu ne, ya yi ɗingishin minti goma. In kuwa aka ce "tambaye shi mutan gida", to wanda aka tambaya gida zai tafi, kuma ba da ƙafarsa ba. Alƙalin nan har yabonmu yake yi, wai kulob ɗinmu ya fi kowa ladabi.

Ɗan bayan nan mai wayo yana nan da ransa, yana karatun ɗa'a a layin gaba. Sau nawa ya faɗi ta ukun, ba zai rubuta ba. Ya ba ɗansa labarin a kan teburin cin abinci, ɗan yana shekara goma sha biyu, suka yi dariya har ruwa ya sarƙe yaron.

Kakata tana da tatsuniyar wani maƙeri da ya ƙera wuƙa, ta yi kyau har ya ji ƙyashin sayar da ita, sai ya ba ɗansa ya riƙa wasa. Ban taɓa jin ƙarshenta ba, kullum barci ke ɗauke ni.

Laraba, 8 ga wata, tsakar rana

Sun ce an yi wa Tara aiki sau biyu. Jijiyar jini ce ta tsinke a bayan gwiwa.

Alhamis, 9 ga wata, ƙarfe uku na rana

Ɗana ya zo cin abincin rana. Uwarsa ta cika masa faranti kamar wanda ya dawo daga yaƙi. Da ta shiga kicin sai ya matso.

"Baba, ka saurara?"

"Na saurara."

"To ai shi ke nan. Ka ba su yadda take, kada ka goge ko tari."

Na yi zaton roƙona zai yi in jefa ta a rijiya, har na shirya masa wa'azi. Ashe ya riga ni isa inda ban hango ba.

"Duk wanda ya ji, me zai ji? Koci yana cewa a gaishe da baƙo. Wa ya san sauran? Ni, da kai, da yara goma sha ɗaya, su kuma takardar kammalawa suke jira."

"Biyar fa?"

"Biyar ƙato ne, ƙafarsa ce. Ni ban ce ya raba yaro da ƙafa ba. Jaki ne, bai iya awo ba. Ku a zamaninku ai kun iya awo."

Na ce, "Haka ne."

Uwarsa ta fito ta ce wane ƙus-ƙus muke yi, abinci na hucewa. Ya ce, "Umma, Baba ne zai fitar da ni." Ta dafa kafaɗata. Rabon da ta dafa kafaɗata tun ranar da aka cire mini haƙori.

Yana da 'ya'ya uku. Aikin nan shekara goma sha ɗaya ya yi yana binsa. Ina rubuta wannan ne don kada wani ya ce ban auna ba.

Juma'a, 10 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na kai wa Malama. Ta kwafe a kwamfutarta, ta sa abin ji a kunne, ta mayar da wurin sau uku. Da ta cire, idonta ya yi rau-rau.

"Baba, ka ji kuwa? An ci su biyu, fili ya yi zafi, shi yana tuna wa yaro ya girmama abokin karawa. Wannan ai shi muke ta koyarwa. Ka yi tarbiyya, Baba."

Na ce, "Haka ne, Malama."

Ta ce yau za ta miƙa wa kwamiti, in an gama kuma tana neman izinina ta riƙa kunna wa 'yan aji ɗaya.

Ban yi ƙarya ba. Na bi maganata ɗaya bayan ɗaya a hanyar gida, ban sami ƙarya ko ɗaya ba. A bakin titi wani kare ya biyo ni yana shinshina, na kai masa sanda har ya yi ƙara. Bai yi mini komai ba.

Litinin, 13 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Wani ya fitar da maganar daga kwamiti, yanzu tana cikin wayar kowa. An maƙala hoton ɗana a allon sanarwa, an rubuta a ƙasa: kocin da ya san mutunci.

Biyar ya tare ni a matakalar sashe. Yaro kamar ƙofar gareji, amma ya cinye farcensa har nama.

"Kaka, don Allah minti ɗaya."

"Ina da aji."

"Sun kunna mini a kwamiti. Shugaban ya ce, ga kocinka na cewa ka yi gaisuwa, kai ka je ka yi ɓarna. Na ce ba ma'anarta ke nan ba, suka yi mini dariya. Abokan wasana duk sun ce ba su san wata ma'ana ba. Kaka, kai ka sani. Koci da bakinsa ya ce mana kai ka ƙirƙiro ta, alfahari yake yi da ita."

Na ce ya rage murya.

"Ni na yi, ban musa ba. Kullum ina jin ƙarar nan. Amma ba ni kaɗai ba ne. Ana aiko mini da lambar ɗakina a waya, Kaka, ba a ce komai, lambar kawai. In aka san sa ni aka yi, ko ba komai fushin zai rabu biyu."

Na ce, "Ɗana, tsufa ya ci kunnena. Amma zan duba."

Ya matsa ya ba ni hanya. Har da riƙe mini jaka na hau matakala.

Talata, 14 ga wata, ƙarfe tara na safe

Ban duba ba.

Laraba, 15 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Da tsakar rana labari ya zo daga asibiti. Likitoci sun yi abin da suka ce ba za su yi ba. Sun yanke ƙafar Tara daga gwiwa.

Ƙarfe uku ina laburare, kusa da tagar da ke kallon ɗakin kwanan maza. Na ga 'yan ƙetaren gada sun haura katanga ta baya, su kusan talatin, wasu da ƙarafan gado, wasu da bulo. Ba su yi tambaya ba, sun san hawa, sun san lamba. Suka jawo Biyar ta ƙafa daga hawa na biyu, kansa na bugun kowace matakala. Ta cikin gilashi ba na jin komai, sai dai ina ƙirgawa. A tsakar gida suka yi masa zobe. Ya tashi sau ɗaya, ya ture biyu, aka sare shi da ƙarfe a ƙwauri ya durƙusa.

Na yi zaton namu za su fito su ƙwace shi. Sun fito. Na ƙetaren gada ƙafarsa suke nema, namu kuwa bakinsa. Wani mai rigar ƙungiyarmu ya ɗaga bulo da hannu biyu. An gaya mini daga baya abin da yake cewa: bakin da ya yi wa koci ƙage ke nan.

Na sauko. Hawa uku ne, gwiwata ba ta sauri. Da na iso an watse, sai masu tsaro, da takalminsa, da wasu fararen abubuwa a kan siminti waɗanda na ɗauka tsakuwa ce.

Yana numfashi, in ji su.

Tsohuwa ta ce in ci abinci. Na ce haka ne. Ta ce ba tambaya ta yi ba.

Alhamis, 16 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

An ce a ci gaba da karatu, wai don hankali ya kwanta. Malama ta yi lacca a kan ire-iren sani: na littafi, na jiki wanda ƙafa ta sani baki bai iya faɗa ba, da na ƙungiya wanda bare zai ji da kunnensa amma bai ji komai ba. Ina rubutawa, biro na huda takarda.

Sai wayar wani ta yi ƙara a bayana. Ba kiɗa ba, muryar ɗana ce ya mayar ƙarar kira. Ba ka tambaye shi mutan gida ba. Ba ka tambaye shi mutan gida ba. Aji ya yi dariya. Mai wayar ya ce, "Kaka, ɗanka ya zama tauraro. Wancan maƙaryacin kuwa ya sami daidai da shi."

Ban san na miƙe ba. Sandata ta sauka a kan wayar da yatsun da ke riƙe da ita. Na ƙara, na ƙara. Mutum uku suka riƙe ni. Yaron yana tsalle yana riƙe da hannu, wayar ta zama garin gilashi. Abin kunyar da zan rubuta a nan kaɗai shi ne na ji daɗi. Jinin ɗan shekara ashirin ya dawo mini, na ji shi har cikin haƙora.

Malama ta kai ni ofis ta ba ni ruwa. Ta ce dole ta kai rahoto. Na ce ta kai. Sannan ta ce, "Baba, ban san abin da ke cinka ba. In aiki zai ɗauke maka hankali, jingarka ce kaɗai ba ta shigo ba. Kada ka manta da layi na uku."

Na ce wane layi.

"Minti, magana, sai abin da ya biyo baya. Na sha gaya muku, in kana neman ma'anar kalma a fili kada ka tambayi mai faɗa, dubi abin da ƙafa ta yi bayanta."

Ita ta koya mana, ita kuma ta manta da shi ranar da magana ta yi mata daɗi. Ban ga laifinta ba. Alƙali mai kunnen zomo ma haka ya yi.

Asabar, 18 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Tun safe nake kan teburin cin abinci da rula da rikoda. Wasa uku, layi uku.

"Gaishe shi" ya fito sau bakwai, a shida usur ya biyo baya kafin minti ya cika. "Gajiya" sau uku, duka ukun an shigo da mai ba da agaji. Ta ƙarshe sau ɗaya. Ko ɗan firamare aka ba takardar nan zai karanta ta. Ban taɓa yin aiki mai tsabta irin wannan ba, har na ja layi da jan biro.

Tsohuwa ta daɗe tsaye a bayana. Ba ta bukatar layi na uku. Ita ta wanke safunan da na riƙa dawowa da su shekara goma sha huɗu, ta san jinin da yake nawa da wanda ba nawa ba.

"Malam, ɗa ɗaya gare ni."

"Biyar ma ɗa ne a wurin wata."

"Ita ta yi kukan nata. Yau ka san ɗa'a? Da kake yi ana tafa maka, ina ɗa'ar take? Ka ci zamaninka lafiya, sai a kan nawa ɗan za ka tuba?"

Na ninke takardar. 

Lahadi, 19 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na kira ɗana. Ban so ya ji a bakin kwamiti ba. Na ajiye masa takardar a kan tebur, ya karanta a tsaye. Na ce ranar Laraba zan kai, amma in shi ya riga ni zuwa ya faɗa da bakinsa, zan yaga tawa.

Ya yi dariya tukuna. Sannan ya kife teburin. Faranti, rula, kofuna. Ya ɗauki rikodar ya maka ta da bango, ya bi ta da diddige, ya san sarai akwai kwafi a wurin Malama. Uwarsa na ihu tana kiran sunansa. Ya shaƙo wuyan rigata ya haɗa ni da ƙofa, sau biyu, mariƙin ƙofar ya shige mini a haƙarƙari.

"Kai ka koya mini! A kan teburin nan! Kana dariya!"

Na ce, "Haka ne." Cikin mako biyu wannan ce kaɗai ta gaskiya.

Ya sake ɗaga ni. Kaina bai yanke komai ba, ƙafata ce ta tuna. Gefen tafin ƙafa, daidai idon sawu, ba ƙarfi, sai awo. Ya zube kamar buhu. Ni ma na sulale. Muka zauna a ƙasa cikin fasassun faranti muna haki, mutum mai shekara arba'in da uku da ubansa.

Ya ja jiki ya miƙe da ɗingishi. A bakin ƙofa ya ce, "Ka nemi wanda zai ɗauki gawarka."

Minti goma zai yi yana ɗingishin. Na sani.

Litinin, 20 ga wata, tsakar rana

Mai kemis ya ce haƙarƙari biyu sun tsage. Na ce a bayi na zame. Ya ce, "Baba, bayin naku yana da hannu?"

Talata, 21 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ɗana bai je kwamitin ba. Na jira har aka tashi daga ofis.

Laraba, 22 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Dogon tebur, mutum biyar, fanka mai kuka. Malama tana gefe a matsayin wadda ta kawo shaida. 'Yan wasa suna jere a benci a waje, an sake kiransu.

Na raba musu takardar. Na ce jinga ce, ban gama da wuri ba. Na yi bayanin gaisuwa, na yi na gajiya, na yi na ukun. Ban sa karin magana ko ɗaya ba, wanda ya san ni zai san na sha wuya.

Shugaban ya cire tabarau. "Baba, ka san ɗanka ne kake magana a kai?"

"Ina bakin ƙofa aka haife shi."

"Wa ya ƙirƙiro wannan abu?"

"Ni."

"Tun yaushe ka san abin da ke cikin rikodar?"

Nan ne na so in yi tari. Na ce tun ranar wasan. Wata mace a ƙarshen teburin ta ajiye biro ta dube ni.

Suka shigo da mai tsaron raga. Aka miƙa masa takardar. Ya kalle ta, ya kalle ni, ya fashe da kuka kamar an tsinke igiya, ya ce duk sun sani. Bayansa sauran ba su yi wuya ba.

An dakatar da ɗana daga yau, za a miƙa fayil ga 'yan sanda. Ni ma in jira takardata, ta yatsun yaron nan da ta shirun da na yi.

A baranda Malama ta cim mini. 

"Ka bar ni na zauna gabanka ina yabo. Ka bar ni na kai musu da hannuna."

Na buɗe baki, ta ɗaga hannu. "Kada ka ce mini haka ne, Baba."

Alhamis, 23 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Tsohuwa ta tafi gidansa da ƙaramar jaka. Ta ce matarsa na bukatar mai taya ta da yara. Ta bar mini maganin hawan jini a kan tebur, ta rubuta safe da yamma a jikin kwalin da manyan baƙaƙe. Ba ta ce sai yaushe ba.

Asabar, 25 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na je asibiti. Tara yana hawa na sama. Na tsaya a gindin matakala na ɗan lokaci, wata nas ta tambaye ni ko na ɓata ne. Ban hau ba. Zan hau, amma ba yau ba.

Biyar yana ɗaki na ƙasa, gado na huɗu. An ɗaure masa muƙamuƙi da waya, ƙafa a cikin filasta, ido ɗaya ne ke buɗewa. Uwarsa na zaune a gefensa, 'yar ƙaramar mace, tana ba shi ruwa da bututun roba ta gefen baki. Ta miƙe ta ba ni kujera, na ƙi zama.

Na ce masa na faɗa. Na ce an janye korar da kwamiti ya yi masa daga jami'a, dakatarwar shekara ɗaya ce, kuma yanzu kowa ya san bai yi ƙage ba. Uwar ta kama hannuna da hannu biyu. "Kai ne tsohon da ake faɗa? Allah ya saka maka, Baba. Ɗanka na cikinka! Samun irinka sai an tona."

Shi bai motsa ba. Can ya nuna allon rubutu da ke kan durowa, ta miƙa masa. Ya daɗe yana rubutawa, yatsun ma ba su tsira ba. Ya yage takardar ya ba ni.

Litinin na roƙe ka. Laraba suka zo.

Na juya bayanta ko akwai saura. Babu.

"Me ya ce, Baba?" in ji uwar. "Na baro tabarauna a gida. Godiya yake yi, ko?"

Idon nan ɗaya yana kaina.

Na karanta mata yadda ya rubuta. Ta ce ba ta gane ba, wace Litinin, su wa suka zo. Sai na jawo kujerar na zauna, na fassara mata tun daga matakalar sashe. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse ni ba. Da na gama ta tashi, ta ɗauko sandata da ke jingine a jikin gado, ta miƙo mini, ta je ta buɗe ƙofa ta riƙe.